Yadda Ake Saita Spanning Tree a Kan Suwicin Netwok, Mataki-Mataki

Duk wurin da suwici ya wuce ɗaya, ko makaranta ce ko asibiti ko cibiyar jarrabawar CBT, kebul guda tak yana iya tsayar da aiki cak. Wani ya ga kan kebul yana lilo a bayan tebur, ya zaci zarewa ya yi, ya soka shi a kafar da ya ga babu komai, alhali ɗaya kan yana cikin suwicin tun farko. Kafin a ankara fitilun suwici sun kama ƙiftawa a tare, intanet ya tsaya, firinta ta ɓace, shafin saitin suwicin ma ya ƙi buɗuwa.

Abin da ya faru shi ne hanya ta zama zobe. Saƙon IP yana ɗauke da wa'adi, kowace rauta ya ratsa sai ta rage masa ɗaya har ya ƙare a jefar da shi. Saƙon Ethernet da suwici ke aiki da shi ba shi da wannan wa'adin. Idan kwamfuta ta yi shela, misali tana neman mai wani adireshi ta hanyar ARP, suwici zai fitar da shelar ta kowace kafa. In akwai zobe, shelar ta dawo masa, ya sake fitar da ita, ta sake dawowa, ga sababbi suna ƙaruwa a kai. Babu mai kashe su sai an cire kebul ko an kashe suwicin.

Maganin wannan shi ne Spanning Tree Protocol, wato STP, wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985 tana aiki a kamfanin DEC, hukumar IEEE kuma ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Suwitoci suna aika wa juna 'yan ƙananan saƙonni da ake kira BPDU duk bayan daƙiƙa 2. Da su suke zaɓen suwici ɗaya ya zama tushe, kowane suwici ya nemi hanya mafi araha zuwa tushen, duk kafar da ta rage wadda za ta rufe zobe a toshe ta. Kebul ɗin yana nan a jone, amma ba ya ɗaukar kaya sai ranar da babbar hanya ta yanke.

Yawancin masu haɗa netwok sun san wannan, kuma da yake suwicin Cisco yana zuwa da STP a kunne, sai su bar shi yadda ya zo. Nan ne matsalar take. STP ɗin da ba a saita ba yana zaɓen tushe da ka, yana jinkirta kwamfutoci, kuma yana yarda da duk wani suwicin da aka jona masa. Aikin da ke gabanka biyu ne: ka naɗa tushe da hannunka, sannan ka katange kafofin da mutane ke iya kaiwa gare su. Sauran bayanin duk a kan waɗannan biyun ya rataya.

Misalin da za mu bi

Suwici uku ne ƙirar Cisco Catalyst 2960, irin mai kafa 24 ta FastEthernet da kafa biyu ta gigabit, wanda ake yawan samu na hannu a kasuwa. SW-A yana ɗakin saba, SW-B yana ofis, SW-C yana zauren kwamfutoci. An haɗa su kusurwa uku: Gi0/1 na A zuwa Gi0/1 na B, Gi0/2 na A zuwa Gi0/1 na C, sai Gi0/2 na B zuwa Gi0/2 na C. Da gangan aka yi wannan zoben, don in kebul ɗaya ya lalace a bi ta ɗaya gefen. An raba netwok ɗin sashe-sashe a cikin saitin suwici, kowane sashe ana kiransa VLAN. Akwai VLAN 10 na ma'aikata da VLAN 20 na zaure, ga kuma VLAN 1 da ke nan tun asali.

Mataki na farko: shiri

Sauya saitin STP yana yanke netwok na ɗan lokaci, don haka ka zaɓi bayan an tashi daga aiki ko ranar hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya: in cibiyar jarrabawa ce, a gama wannan tun da sauran kwanaki, a gwada shi da kyau.

Ka shiga suwicin da kebul ɗin konsol, da manhaja irin PuTTY a kan gudun 9600. In ta SSH ka shiga, wato ta cikin netwok ɗin kansa, hanyar da kake kai tana iya zama ita ce za a toshe. In dole sai daga nesa za ka yi, ka fara rubuta reload in 10. Ko ka kulle kanka a waje, bayan minti goma suwicin zai sake tashi da tsohon saitinsa, muddin ba ka adana sabon ba. In komai ya tafi daidai sai ka soke da reload cancel.

Ka ajiye kwafin saitin yanzu:

enable
copy running-config flash:kafin-stp.cfg

Sannan ka zana taswira a takarda, kada ka dogara da abin da aka faɗa maka da baki. Umarnin show cdp neighbors zai nuna maka kowane suwicin Cisco da ke maƙwabtaka da kafar da ya shigo ta ciki. In akwai na wasu kamfanoni, ka kunna lldp run ka duba da show lldp neighbors. Ƙananan suwitocin nan masu kafa biyar ko takwas da ba su da saiti ba za su fito a ko'ina ba, sai ka bi ofisoshi da ƙafa ka leƙa ƙarƙashin tebura. Ka rubuta su duka, domin daga wurinsu zobe ya fi fitowa.

Suwicin da aka sayo na hannu kuwa, kada ya taɓa netwok sai an wanke shi: write erase, sannan delete flash:vlan.dat, sannan reload. Yana iya zuwa da saitin tsohon gidansa, har da lambar da za ta sa ya ƙwace matsayin tushe nan take.

Mataki na biyu: ka ga wane ne tushe a yanzu

show spanning-tree vlan 10

Za ka ga sashe biyu a sama, Root ID da Bridge ID. Na farko bayanin tushe ne, na biyu na suwicin da kake kai. In ka ga an rubuta This bridge is the root, to kana kan tushen. In ba haka ba, ka duba kafar da aka rubuta wa Root a jerin ƙasa, ka bi ta zuwa suwici na gaba, har ka isa.

Yadda ake zaɓen shi ne kowane suwici yana da lambar fifiko haɗe da adireshin MAC ɗinsa, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke fitowa da ita daga kamfani, kuma mai ƙaramar lamba ne ke ci. Kowa yana fitowa daga kamfani da 32768. Cisco yana ƙara lambar VLAN a kai, shi ya sa za ka ga 32778 a VLAN 10. Tunda duk sun yi kunnen doki a fifiko, sai a koma kan MAC, kuma sau da yawa mafi ƙanƙantar MAC yana jikin na'urar da ta fi tsufa. Ta haka ne suwicin da ya fi kowa gajiya, wanda aka rataye a lungun sito, yake zama cibiyar netwok ba tare da kowa ya sani ba. Kayan da ya kamata su wuce kai tsaye zuwa saba sai su yi zagaye ta wurinsa, kuma duk lokacin da ya mutu sai an sake lissafin hanyoyi gaba ɗaya.

Mataki na uku: ka koma kan STP mai sauri

Tsohon 802.1D yana da nawa. Kafa tana yin daƙiƙa 15 tana saurare, ta ƙara 15 tana koyon adireshi, kafin ta fara aiki. In yankewar ba a jikin suwicin ta faru ba, sai an ƙara jiran daƙiƙa 20 kafin ya yarda tushe ya ɓace. Wato daƙiƙa 30 zuwa 50 babu netwok. A 2001 aka fitar da 802.1w, wato RSTP, inda maƙwabta ke daidaitawa kai tsaye ba tare da jiran agogo ba, sauyi yakan kammala cikin daƙiƙa ɗaya ko 'yan kaɗan. Nau'in Cisco na wannan shi ne Rapid PVST+, mai gudanar da lissafi daban ga kowane VLAN.

Ka duba layin farko na show spanning-tree summary. In ya ce pvst, ka sauya a kan suwitoci ukun:

configure terminal
spanning-tree mode rapid-pvst
end

Sababbin manhajojin Cisco da shi suke zuwa, amma tsofaffin 2960 da yawa suna kan pvst har yanzu. Bayan ka gama, ka duba kafofin da ke tsakanin suwitoci. Ya kamata nau'insu ya nuna P2p. In ka ga Peer(STP), maƙwabcin yana kan tsohon tsari, kuma wannan kafar za ta ci gaba da jan ƙafa irin na da. Ka gyara maƙwabcin, sannan ka rubuta clear spanning-tree detected-protocols. In kuma Shr ka gani, kafar ta faɗa half duplex, wato ba ta aikawa da karɓa a lokaci guda, sai ka binciki kebul da saitin gudu.

Ka kuma tabbatar da show interfaces trunk cewa kafofin jigila na ɓangarorin biyu, wato masu ɗaukar VLAN da yawa tsakanin suwitoci, sun yarda da VLAN iri ɗaya, kuma native VLAN ɗinsu, wato wanda saƙonninsa ke tafiya ba tare da alamar VLAN ba, ɗaya ne. In ya saɓa, Cisco zai toshe VLAN ɗin a wannan kafar ya rubuta kuskuren PVID a rajistarsa.

Mataki na huɗu: naɗa tushe da mataimakinsa

Wane suwici ya cancanta? Wanda saba da rauta ke jikinsa, wanda manyan hanyoyi suka haɗu a kansa. Akwai kuma sharaɗin da littattafan waje ba su cika damuwa da shi ba amma mu ya dame mu: wuta. Dole tushe ya kasance a kan UPS ko inbata mai lafiya. In yana mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, to sau biyu za a sake lissafi, lokacin mutuwarsa da lokacin dawowarsa, kuma 2960 yana cin mintoci kafin ya gama tashi. In suwicin da ya fi ƙarfi ba ya kan batir, ka kai masa batir kafin ka ba shi matsayin.

A kan SW-A:

configure terminal
spanning-tree vlan 1,10,20 priority 4096
end

A kan SW-B:

configure terminal
spanning-tree vlan 1,10,20 priority 8192
end

SW-C ya zauna a 32768. Lambar fifiko tana tafiya ne da ninkin 4096, daga 0 zuwa 61440, in ka rubuta wata daban suwicin zai ƙi karɓa ya jero maka waɗanda suka halatta.

Akwai gajeriyar hanya, spanning-tree vlan 10 root primary, wadda ke sa 24576, da root secondary mai sa 28672. Ni ban fiye son ta ba. Sau ɗaya take duba yanayi lokacin da ka rubuta ta, ba ta ci gaba da gadi, kuma 24576 ta bar sarari mai yawa a ƙasa da wani zai iya shigowa ta ciki. Wasu kuma kan sa 0 kai tsaye, kuma suna da hujja. Na fi son 4096 domin 0 ta zauna a ajiye: ranar da za ka sauya babban suwici, kana da lambar da za ka ba sabon ya karɓi aiki cikin tsari.

Kada ka manta da VLAN 1 ko da ba ka amfani da shi. Ta kansa Cisco ke magana da suwitocin wasu kamfanoni. Haka nan duk ranar da ka ƙirƙiri sabon VLAN, ka dawo ka sa masa fifiko, in ba haka ba shi kaɗai zai koma zaɓe da MAC.

Yanzu ka je SW-C ka sake duba show spanning-tree vlan 10. Fifikon tushe ya nuna 4106, jerin kafofin kuma ya yi kama da wannan:

Gi0/1 Root FWD 4 128.25 P2p
Gi0/2 Altn BLK 4 128.26 P2p

FWD na nufin kafar tana aiki, BLK kuma an toshe ta. Ga dalilin da ya sa kafar C ce aka toshe ba ta B ba. Kowace hanya tana da tsada gwargwadon gudunta: 100 ga megabit 10, 19 ga megabit 100, 4 ga gigabit ɗaya, 2 ga gigabit 10. B da C kowanne yana isa tushe da tsadar 4, sun yi daidai. A kan kebul ɗin da ke tsakaninsu sai a duba lambar fifiko, B mai 8192 ya ci, kafarsa ta zauna a buɗe, ta C ta zama ta ko-ta-kwana. Ka iya yin wannan lissafin a takarda kafin ka duba allo. In abin da ka lissafa ya saɓa da abin da ka gani, akwai kebul ko suwicin da ba ya cikin taswirarka.

In kana son tilasta wata hanya, misali ɗaya kebul ɗin tsoho ne da ba ka yarda da shi ba, ka ƙara masa tsada a kan kafar suwicin da ya fi nisa da tushe, da umarnin spanning-tree cost 100. Ka yi hakan da dalili, ka kuma rubuta dalilin a description na kafar. Idan kuma kebul biyu ka ja tsakanin suwici biyu don ƙarin gudu, STP zai toshe ɗaya. Sai ka ɗaure su da LACP, tsarin da ke haɗa kebul da yawa wuri guda, su zama hanya ɗaya a idonsa.

Mataki na biyar: kafofin kwamfutoci

Kafar da kwamfuta ko firinta ke ciki ba ta da maƙwabcin da za ta yi yarjejeniya da shi, don haka ko a RSTP sai ta yi jiran nan na daƙiƙa 30. A cikin wannan jiran kwamfuta tana neman adireshi daga DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshin IP, ba ta samun amsa, wani lokaci ta haƙura ta ba kanta adireshin da ya fara da 169.254, mai ita ya ce netwok ya lalace.

Akwai illa ta biyu da ta fi wannan ɓoyuwa. Duk kafar da ba a ayyana ta a matsayin ta gefe ba, wato wadda kwamfuta ko firinta ke ciki ba suwici ba, in ta tashi, suwici yana ɗauka fasalin netwok ne ya sauya. Sai ya sanar da sauran, su share adireshin MAC da suka koya, su koma watsa kaya ta kowace kafa har su sake koya. Ka auna zauren da ke da kwamfuta ɗari biyu, wuta ta dawo, aka kunna su bi da bi. Kowace ɗaya sanarwa ce. Netwok bai mutu ba, amma zai yi ta nauyi ba a san dalili ba.

PortFast, saitin da ke ayyana kafa a matsayin ta gefe, shi ne ke kawar da duka biyun, kuma ba a sa shi shi kaɗai sai da BPDU Guard:

configure terminal
interface range FastEthernet0/1 - 24
switchport mode access
spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable
end

A wasu sababbin manhajoji umarnin ya zama spanning-tree portfast edge, alamar tambaya za ta nuna maka wanda naka ke karɓa.

BPDU Guard cewa yake: wannan kafar ta kwamfuta ce, bai kamata a ji BPDU a nan ba. Da ya ji guda ɗaya, sai ya kashe kafar ta shiga halin err-disabled. Wanda ya jona kafa biyu da kebul ɗaya, BPDU ɗin suwicin ne zai zagayo ya dawo, a kashe kafar kafin guguwa ta yi ƙarfi. Wanda ya kawo suwicinsa mai STP daga gida, shi ma haka. Mutum ɗaya ya rasa netwok, sauran ginin yana aiki.

Ka ga kafofin da aka kashe da show interfaces status err-disabled, dalilin kuma yana cikin show logging. Bayan ka cire abin da ya jawo, ka shiga kafar ka rubuta shutdown sannan no shutdown. Ana iya sa suwicin ya riƙa buɗewa da kansa:

errdisable recovery cause bpduguard
errdisable recovery interval 300

Wannan yana da amfani a reshen da babu ma'aikacin netwok a kusa. Amma in kebul ɗin yana nan, duk minti biyar kafar za ta buɗe ta sake rufewa. A inda kake zaune kullum, gara ka bar ta a kashe har mai ita ya zo ya yi ƙorafi, ta haka za ka san abin da aka jona.

Akwai wani umarni mai kama da wannan a suna, spanning-tree bpdufilter enable. Ka nisance shi. In ka sa shi a kan kafa, ta daina aika BPDU ta daina saurare, wato ka kashe STP a wurin da hannunka. Mutane kan sa shi don BPDU Guard ya daina damunsu, sai su buɗe ƙofar da aka yi duk wannan aikin don a rufe.

Ƙananan suwitoci marasa saiti suna buƙatar ƙarin tsaro. In zobe ya faru a jikinsu, da yawa suna maido da BPDU, gadin ya kama. Wasu kuwa haɗiye shi suke yi, guguwar ta shigo ba tare da shaida ba. Saboda su ake ƙara wannan a kan kafofin gefe:

storm-control broadcast level 5.00
storm-control action shutdown

Ma'anarsa in shela ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin kafar, a kashe ta. Kashi biyar mafari ne kawai, ka lura da netwok ɗinka ka daidaita.

Mataki na shida: Root Guard da Loop Guard, da inda ba a sa su

A ce akwai suwici na huɗu, SW-D, da ke rataye a jikin B ta Fa0/24, na wani sashe da ba kai ke kula da shi ba. Ba za ka sa masa BPDU Guard ba tunda suwici ne na halal, don haka ka cire PortFast da gadin daga wannan kafar. Amma ba ka so ya taɓa zama tushe:

interface FastEthernet0/24
spanning-tree portfast disable
spanning-tree bpduguard disable
spanning-tree guard root

In D ya fara iƙirarin fifikon da ya fi na A, kafar za ta toshe, ta fito a show spanning-tree inconsistentports, kuma ta buɗe da kanta da zarar ya daina.

A nan ake yin kuskure mai tsada. Mutum ya ji Root Guard abu ne mai kyau, sai ya sa shi a Gi0/2 na B, mai kallon C. Komai zai yi ta aiki lafiya har ranar da kebul ɗin A zuwa B ya yanke. A ranar, hanyar B zuwa tushe ita ce ta cikin C, amma Root Guard ya hana wannan kafar zama hanyar tushe, sai ya toshe ta. Ofis gaba ɗaya ya yanke, ga kebul na biyu a jone. Kafin ka sa shi a kowace kafa ka tambayi kanka: akwai wata yankewa da za ta sa in buƙaci isa tushe ta nan? In akwai, kada ka sa.

Loop Guard na wata matsalar ne daban. Kafar da aka toshe tana zaune a toshe ne saboda tana jin BPDU. In ta daina ji, misali zaren faiba ɗaya ya lalace hanya ta zama mai tafiya gefe guda, sai ta ɗauka babu kowa ta buɗe, zobe ya rufe. Umarnin spanning-tree loopguard default yana sa ta zauna a toshe har BPDU ya dawo. In akwai faiba tsakanin gine-gine, ka ƙara udld enable, mai gano hanyar da ta zama mai tafiya gefe guda. Kafa ɗaya ba ta ɗaukar Root Guard da Loop Guard a tare.

Agogon STP kuwa, wato daƙiƙa 2 da 15 da 20, ka bar su yadda suke. An lissafa su ne a kan netwok ɗin da faɗinsa bai wuce suwici bakwai a jere ba. A watan Nuwamba na 2002, netwok ɗin asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka ya durƙushe na kusan kwana huɗu, likitoci suka koma aiki da takarda, kuma cikin abin da bincike ya gano har da cewa an yi ta jona suwici a bayan suwici har aka wuce wannan iyaka. In ka ga jerinka yana tsawo, ka ja kebul kai tsaye zuwa tsakiya ko ka raba netwok ɗin da rauta.

In suwitocin ba na kamfani ɗaya ba ne

Haka yawancin wurarenmu suke: Cisco a nan, TP-Link a can, MikroTik a tsakiya. Abu na farko, kada ka ɗauka STP a kunne yake. Suwitoci da dama, har da tsofaffin HP ProCurve, a kashe suke zuwa da shi. A masu shafin saiti ka nemi sashen Spanning Tree, ka kunna shi gaba ɗaya, ka zaɓi RSTP, sannan ka duba ko sai an kunna shi a kan kowace kafa daban. A ProCurve ana rubuta fifiko daga 0 zuwa 15 ne, a ninka da 4096, wato 1 ita ce 4096. A MikroTik kuwa:

/interface bridge set bridge1 protocol-mode=rstp priority=0x1000
/interface bridge port set [find interface=ether5] edge=yes bpdu-guard=yes

0x1000 ita ce 4096, 0x8000 kuma 32768.

Abu na biyu, ma'aunin tsada iri biyu ne. A dogon ma'auni gigabit ɗaya 20,000 ne, megabit 100 kuma 200,000. In wani suwici yana lissafi da 4 wani da 20,000, hanyar da za a zaɓa ba za ta yi ma'ana ba. A Cisco ka daidaita da spanning-tree pathcost method long a kan dukkansu.

In gaurayen ya yi yawa, ko VLAN sun yi yawa, tunda 2960 ba ya wuce lissafi 128 a PVST, MSTP ne mafita, wato 802.1s na 2002, mai tara VLAN da yawa a lissafi ɗaya, wanda kowane kamfani ke ji:

spanning-tree mst configuration
name MAKARANTA
revision 1
instance 1 vlan 10,20
exit
spanning-tree mode mst
spanning-tree mst 0-1 priority 4096

Layin ƙarshe na tushe ne kaɗai. Suna, lambar bita, da rabon VLAN kuwa dole su zama iri ɗaya a kowane suwici, har babban baƙi da ƙarami. Harafi ɗaya ya saɓa, suwicin ya zama yanki daban.

Mataki na ƙarshe: gwaji da adanawa

Saitin da ba a gwada ba zato ne. Ka zauna a kan kwamfutar da ke jikin SW-C, ka buga ping -t zuwa saba. Ka sa wani ya zare kebul ɗin Gi0/1 na C. Amsa ɗaya ko biyu za su iya ɓacewa, sannan a ci gaba, kuma Gi0/2 ta koma Root FWD. In shirun ya kai rabin minti, akwai inda ake kan tsohon tsari ko aka manta PortFast. Ka mayar da kebul ɗin, ka tabbatar komai ya koma yadda yake.

Ka yi haka da kebul ɗin A zuwa B, kana buga ping daga ofis. Wannan gwajin ne ke tona Root Guard da aka sa a inda bai dace ba. Sannan ka adana saitin SW-A da copy running-config startup-config don kada ya ɓace, ka kashe shi gaba ɗaya, ka ga B ya ce shi ne tushe, ka kunna A ka ga ya karɓi matsayinsa. Daga ƙarshe ka ɗauko wani suwici mai STP ka soka a kafar kwamfuta, ka ga ta faɗa err-disabled.

In duk sun yi, ka adana a kan kowane suwici ɗaya bayan ɗaya da copy running-config startup-config. Wanda aka manta, ɗauke wuta na farko zai mayar da shi gidan jiya.

Bayan kwana biyu ana aiki, ka dawo ka rubuta:

show spanning-tree detail | include executing|changes|from

Zai nuna maka sau nawa fasali ya sauya, yaushe ne na ƙarshe, kuma ta wace kafa sanarwar ta shigo. A netwok mai lafiya sauyin ƙarshe ya kamata ya zama na ranar gwajinka. In ka ga na 'yan mintoci ne kuma adadin yana hawa, ka bi kafar da aka ambata zuwa suwici na gaba, ka sake umarnin a can, har ka isa kafar da ke tashi tana faɗuwa. Galibi kan kebul ne da ba a matse da kyau ba, ko na'urar Wi-Fi mai mutuwa tana tashi, ko kafar kwamfutar da aka tsallake lokacin sa PortFast. Ka gyara ta, ka ƙara ta a taswirar, ka manna taswirar a jikin ƙofar akwatin suwici tare da lambobin fifikon kowanne.